Hannuwan da Na Ɓoye Cikin Riga

Yanzu ba mai tsufa a hoto. Bayan wani biki da aka yi a gidana aka miƙo mini waya in ga hotuna, na yi ta turawa da yatsa ina neman 'ya'yan da na haifa, na kasa gane su. Kowa fuskarsa sumul kamar kwanon tangaran da aka wanke, baƙi ya yi haske, mai zane zanensa ya dushe, har surukata da ta girme ni ta koma yarinya. Jikata ta ce ba laifin kowa ba ne, wayar ce take gyarawa da kanta tun kafin a tambaye ta. Aka yi dariya, na taya su. Amma tawa dariyar ba ta kai ciki ba, domin na riga waya wannan aiki da shekaru masu yawa. Da hannuna na yi shi, kuma mahaifina na yi wa.

Hoto ɗaya tak mahaifina ya bari a duniya, kuma mutumin da ke cikinsa ba shi ba ne. Mu biyu muka rage a cikin 'ya'yansa, ni da yayata da ke zaune a Unguwar Rogo. Tun ranar da na rataye hoton nan a bangon ɗakin baƙina, Yaya ba ta taɓa zama a ɗakin ba. In ta zo, a tsakar gida ake shimfiɗa mata tabarma. Ba ta taɓa faɗin dalili ba, ban taɓa tambaya ba, kuma duk mun sani.

Baba majemi ne. Kafin rana ta ɗaga za ka ji ƙarar kartaji, ƙarfen da ake kankare fata da shi, yana tafiya a hankali kamar numfashin mai barci. Za ka ji dakan bagaruwa a turmi, da sautin jiƙaƙƙiyar fata in an ɗago ta daga ruwa an maka a kan dutse. Aikinmu mu yara shi ne tara toka daga gidajen maƙwabta, da ɗebo ruwa, da tsare fatun da aka shanya kada karnuka su ja. Yaya ita ke dakan karan dafi, wanda ake rina jar fata da shi, tana daka tana waƙa, ni kuwa ina neman hanyar zillewa. Wari kam akwai shi, ba zan ɓoye ba. Yana shiga riga, yana shiga gashi, yana bin mutum har masallaci. Amma Baba bai taɓa tafiya kamar mai neman a yafe masa ba. In ya gama fata sai ya ɗaga ta saitin rana, ya karkatar da kai, ya ƙanƙance idon hagu, ya karanta ta kamar wasiƙa. "Wagga ta daji ta, dubi inda ƙaya tak karce ta," in ji shi. "Wagga kuwa akuyar tsohuwa ta, ga sawun igiya ga wuya, ba a bari ta yi nisa ba." Dillalai suna rage wa fata daraja saboda tabo, shi kuwa tabon yake fara nuna musu. Hannuwansa ja ne har wuyan hannu, ja mai duhu da ba sabulun da ke fitar da shi. Babban yatsansa na dama ya lanƙwashe saboda riƙon kartaji. Haƙorinsa na gaba ya karye tun yana saurayi, kuma in zai yi dariya ba ya rufe baki.

Ni aka sa a boko, ban kuwa yi nisa ba, firamare na gama na tsaya. Amma ɗan abin da na samu ya isa a ɗauke ni aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, ina zaune bakin ƙofa ina rubuta lambobin motocin da ke fita da siminti. Na sami farar taguwa da biro a aljihu, Baba ya sa mini suna Akawu, yana kira yana murmushi. Ɗakin da muke hutawa mu huɗu ne, sauran ukun duk 'ya'yan gidajen malamai da alƙalai. A lokacin yayi ne matashi mai aiki ya rataye hoton mahaifinsa, kuma kowannensu ya rataye nasa: rawani, babbar riga, littafi a cinya. Bangona kaɗai ba komai. Da suka tambaye ni sana'ar Baba na ce yana harkar fata, na bar su suka ɗauka attajiri ne mai aika kaya Kano. Ban yi ƙarya da baki ba, da shiru na yi ta.

Akwai wani dattijo mai ɗaukar hoto a gindin dogon yaro kusa da kasuwa, kowa Mai Akwati yake ce masa. Kayan aikinsa akwatin katako ne a kan ƙafafu uku, da gilashi a gaba, da hannun riga baƙi a gefe inda yake zura hannu ya wanke hoton a ciki, sai bokitin ruwa da baƙin ƙyalle a jikin bango. Hotonsa sau biyu yake fitowa. Na farko a juye, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi, sai ya kafa wannan a gaban gilashin ya sake ɗauka, sannan mutum ya fito daidai. Yau da na ga masu ɗaukar hoto iri-iri, na tabbata ban taɓa ganin kamarsa ba. Ba ya gaggawa. Zai zaunar da kai a benci, ya yi kamar yana gyaran akwati, yana tambayarka garinku, da yadda damina ta yi, da abin da ya sami gwiwarka kake ɗingishi. Yana jira ne kafaɗunka su sauka, fuskar da ka ɗauro daga gida ta kwance. Sai ka ji ya ce a hankali, "Tsaya haka nan." Ya cire murfin gilashi, ya ƙirga a zuci, ya mayar. A jikin itacen ya kafa allo da hotunan da ya fi so: wani mahauci mai ido ɗaya, wata tsohuwa Bagobira da zanenta ya haɗu da tamoji har ba ka rabe su, wani mai ruwa da kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Mutane kan tsaya kallo su daɗe, ba su san abin da ya riƙe su ba. Na taɓa jin wata mata tana masa faɗa wai ya fito da ita kamar yadda take. Ya ce, "To Hajiya, kamar wa kika so in hito da ke?"

Da ƙyar na shawo kan Baba. "Mi za ni yi da hoto, Akawu? Ba Makka za ni ba." Na ce don ni zai yi, ya ce to. Muka yi da shi ya same ni gindin dogon yaron da hantsi, ni kuma na hau keke na tafi gidan ɗaya daga abokan aikina aron babbar riga da rawani. Na gaya wa abokin wai rigunan Baba suna wurin wanki. Da ya ba ni sai ya ce zai raka ni, yana so ya gaida dattijo. Na rasa yadda zan hana shi, na goyo shi.

Mun makara. Da muka iso, Baba ya daɗe a kan benci. Daga wurin aiki ya zo, da tsohuwar taguwarsa, da wata jar fata da zai kai wa baduku. Ashe Mai Akwati ya ce ya ga fatar, Baba ya shimfiɗa ta a gwiwa yana nuna masa tabonta ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wani da ya ba shi dariya, sai aka ce masa ya tsaya haka nan. Hoton farko, na juyen, yana cikin bokiti. Na leƙa na ga hannuwan Baba sun fi komai haske a takardar, fari tas kamar an kunna musu fitila. Sannan Mai Akwati ya zaro na biyu yana ɗigar ruwa. Ga Baba nan, kai a karkace, idon hagu a ƙanƙance, karyayyen haƙori a fili, lanƙwasasshen yatsa a kan fata. Masu wucewa suka taru. Wani mai goro ya ce, "Wallahi kamar shi yi magana." Baba ya karɓa da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ashe haka nike? To ai ban yi muni ba." Aka kwashe da dariya.

Abokina ya dube ni ya ce, "Wanga na tsohonka?" Kafin in amsa ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baba, ya kama jan hannun nan da hannu biyu. Babu raini a fuskarsa ko kaɗan, na sha juya wannan a raina. Kunyar tawa ce ni kaɗai, ba wanda ya ɗora mini. Na karɓi hoton daga hannun Baba na yaga shi biyu, na sake haɗawa na yaga. Na sa hannu a bokiti na ɗauko na juyen, shi ma na yaga, na ce ba wannan muka zo yi ba.

Mai goro ya ɗauki farantinsa ya wuce. Mai Akwati bai ɗaga murya ba, ya durƙusa yana tsince gutsattsarin daga ƙasa, ya ce, "Samari, takarda ka yaga, ina da wata cikin akwati. Amma wanga zama da yay yi, ba ni iya maido shi."

Baba ya naɗe fatarsa ya ajiye gefe. "Kawo rigar, Akawu."

Na sa masa riga, na naɗa masa rawani. Na jawo hannun rigar na rufe hannuwansa duka biyu. Na ce ya miƙe wuya, ya buɗe idanu sosai, ya rufe baki. Duk ya yi. Mai Akwati bai yi masa hira ba a wannan karon, ya cire murfi, ya mayar. Hoton ya fito da kyau, wani babban mutum mai kwarjini wanda ban taɓa gani ba. A hanyar gida ina tura keke yana gefena, na yi ta jiran faɗa. Sai da muka kusa ƙofa ya ce, "Rigar mutane ta ɗauki wari. Ka ba yayarka ta turara ta kahin ka maida."

Yaya ce ta turara rigar. Labari ya riga mu isa gida, don ba abin da ake yi a bakin kasuwa ya kwana can. Da na nuna mata hoton ta kalle shi sau ɗaya ta miƙo mini. "Wa na wanga?" Na ce Baba ne mana. Ta ce, "Hoton riga ka ɗauko, Akawu. Kai ma mai rigar abinai."

Na yi niyyar mayar da Baba wurin Mai Akwati, Allah ya sani. Na ce bari a yi hutu, hutu ya zo na ce bari ruwa ya ɗauke. Abin da ke hana ni, sai na fara cewa na yi kuskure, kuma bakina ya ƙi. Kafin a girbe gero zazzaɓi ya kwantar da Baba, kwana kaɗan ya yi. Ni na riƙe buta wurin wankansa. Na ga an wanke hannuwan nan sau uku jansu bai fita ba, a nan ne na yi kukan da ban yi ba tun da safe.

Bayan sadakar arba'in na koma gindin dogon yaro. Mai Akwati ya gane ni tun daga nesa, ya matsa mini a benci, ya yi mini ta'aziyya. Na tambaye shi ko ya ajiye gutsattsarin nan. Ya ce ya gwada haɗa su, jiƙaƙƙiyar takarda ce, fuskar ta saɓule. Na ce to shi ke nan, na tashi. Ya riƙe hannuna, ya dube ni irin duban da yake wa masu zama a bencinsa. "Da na ɗauke ka," in ji shi, "amma huskarka ba ta ƙare hitowa ba. Ka dawo in ka tsuhwa." Na ɗauka magana ce ta lallashi. Ban koma ba. Shagunan hoto masu launi suka zo, da labule mai zanen jirgin sama da agogon aro da tabarau na aro, kowa ya koma can, har da ni. Wata rana na bi ta wurin na tarar an sare itacen, an kafa rumfar mai gyaran rediyo. Na tambayi dattijon aka ce ya rasu, ba wanda ya san inda allonsa ya tafi.

Shekaru suka yi ta tafiya. Na yi ritaya, gashi ya yi fari, haƙorin gaba ya fita na sa na roba. Fuskar Baba ta soma ɓace mini. In na rufe ido ina jin muryarsa, ina jin kartaji, amma in na nemi fuskar sai mutumin cikin rawani ya tsaya a gabana. Wannan shi ne hukuncin da ban zata ba. Dā mutum yakan rayu ya mutu ba hoto, sai fuskarsa ta zauna a zukatan mutane yadda take. Ni kuwa na rataye ta ƙarya ina kallo safe da yamma har ta cinye ta gaskiya. Yanzu ga hotuna dubbai a aljihun kowa, ina tsoron jikoki za su nemi kakanninsu a ciki su tarar da baƙi.

Jikar nan tawa da na ambata tana karatu a jami'a, kuma ta ɗauki hoto sana'a. Takan rataya babbar kyamara ta shiga Kwalkwalawa wurin manoma da masu sayar da albasa. Wata rana ta nuna mini aikinta. Ga wata mai ƙosai da tabon ƙuna a hannu tana dariya, ga wani tsoho da ƙafarsa ta tsattsage kamar fadama a rani. Allon Mai Akwati na gani, wanda ba ta taɓa jin labarinsa ba. Ta ce ita ma faɗa ake mata, wai ba ta iya gyara ba.

Ran nan da hantsi ta ce ni za ta ɗauka. Na shiga ɗaki na fito da babbar riga da hula, na gyara haƙorina. Ta dube ni ta riƙe ƙugu. "Ango, ɗaurin aure za mu? Wa za ka ƙara bayana?"

Na ce, "Amarya, ke ɗai kin ishe ni wahala."

"To cire rigar ga, zahi akai. Haƙorin ma ajiye shi ya huta, na san yana cin dasashinka."

Na cire, ina gunaguni. Ta zaunar da ni a gindin bango tana ta latse-latsen kyamara kamar ta lalace. Sai ta ɗauko jar fatar da nake ɗora Alƙur'ani a kai, ta ce wai wannan tsohuwar aba me ya hana a jefar. Na ce ta kiyaye ni, wannan daga hannun kakan babanta ta fito. Na karɓa na ɗaga ta saitin rana, ina nuna mata inda ƙaya ta karci akuyar, da sawun igiya a wuya, da wani tabo da har yau ban san abin da ya yi shi ba. Ta ce ƙila kishi akuyar ta yi da tunkiya. Na yi dariya. Ban ma ji lokacin da ta ɗauka ba.

Da ta juyo mini da kyamarar, na ce ta ba ni ruwa. Kai a karkace, idon hagu a ƙanƙance, giɓi a fili, jar fata a hannu. Mai Akwati ya ga wannan fuska tun tana ɓoye cikin ta saurayi, ya ce in dawo.

A ranar na ba ta labarin duka, abin da ban taɓa gaya wa ko ubanta ba. Da na gama, ta shiga ta sauko da hoton rawani, ta ɗauke shi da kyamararta ta yi ta ƙara girmansa. Can ta ce in duba ƙasa. A bakin hannun rigar, inda na ja na rufe, kan lanƙwasasshen yatsa ya leƙo. Shekara da shekaru ina kallon hoton ban gani ba. Mai Akwati kuwa ba abin da ke wuce idonsa. Ya gani, ya cire murfi, bai ce mini komai ba. Allah ya jiƙansa. Hoton rawanin na sa shi a akwati, ban yaga ba, na gama da yage-yage.

Ta wanko nawa a babbar takarda, na sa a ambulan na hau Keke Napep zuwa Unguwar Rogo. Na tarar da Yaya a tabarma tana gyaran zogale, idonta ya yi rauni ƙwarai. Muka gaisa, ta tambayi gida, na miƙa mata ban yi bayani ba. Ta goge hannu a zane, ta kawo hoton dab da fuskarta, ta matsa inda rana take.

"Ina kas samo shi? Ba ka yaga shi ba?"

Ta bi fuskar da yatsa, ta sauko kan haƙori, ta sauko kan fata, ta tsaya a hannuwa. Ta daɗe a nan.

"Hannun ga bai taɓa karan dahi ba."

"Nawa na, Yaya. Ni na. Ki yahe mani."

Ta ɗago ta dube ni, ta koma ta dubi hoton, ta sake dubana, kamar yau ta fara ganina tun ranar da ta turara rigar nan. Sannan ta kira wata jikarta ta ce a nemo ƙusa, a kafa shi inda za ta riƙa gani daga shimfiɗarta. Ta jawo kwanon zogale ta tura gabana in taya ta.

"Ka daɗe ba ka kawo shi gida ba, Akawu," in ji ta.